Rasuwar Tanti, Kwamfutar Rumbun Mu'awiya

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya, iyalan Mu'awiya Abubakar, mai ɗaukar waƙa na garin Ibohamane, suna sanar da dangi da abokan arziki na Keita da Buza da Madawa, har da waɗanda ke can ci-rani, rasuwar kwamfutarsa wadda duk gari ya sani da suna Tanti. Ta cika ranar Talatar da ta wuce, tsakanin azahar da la'asar, a cikin tsohon rumbun da ta yi shekara goma sha ɗaya tana aiki, bayan jinyar kwana tara. Mai ita yana zaune gabanta sa'ad da ta yi numfashin ƙarshe. Shi ne kuma ya ce a rubuta wannan sanarwa ba tare da an rufe komai ba, domin zance ya yi yawa a tasha da bakin rijiya, kuma gara mutane su ji daga bakin gidan makoki.

Ba wanda ya san ranar haihuwar marigayiya. Abin da aka sani shi ne ta fara rayuwarta a ofishin wata ƙungiya a Keita, inda wata sakatariya da kowa ke kira Tanti ta yi shekaru tana buga wasiƙu da ita. Mu'awiya a lokacin shi ne ɗan aiken ofishin. Da aka zo rufe wurin, shugaban ya dube shi ya ce ya ɗauki tsohuwar kwamfutar ya tafi da ita, tunda kullum shi ke goge mata jiki. Ya ɗaure ta da roba a bayan babur, ya lulluɓe ta da bargo, ya yi tafiyar hawainiya har Ibohamane, yana sauka yana turawa duk inda hanya ta yi duwatsu. Sunan sakatariyar ya biyo ta, bai kuma sake ta ba.

Ba kyakkyawa ba ce, gidan makoki ba zai yi ƙarya ba. Launinta na toka ne, nauyinta ya kusa na buhun albasa, gefenta ɗaya kuma ya lotsa tun a ofis. Mu'awiya ya ba ta babban rumbun ƙasa na mahaifinsa, wanda aka daina zuba hatsi a ciki. Ya fasa masa ƙofa, ya zuba yashi a ƙasa, ya shimfiɗa tabarmi, ya rataye tsofaffin barguna, ya ɗora farantin hasken rana a kan rumfa ya haɗa da batir. Duk wanda ya taɓa buɗe baki a cikin rumbun nan ya san abin da ake nufi idan an ce murya tana zama ta huta. Laka tana shanye amon da ba a so, ta bar wa mutum muryarsa cikakkiya, kamar an yi mata wanka.

Marigayiya mai haƙuri ce, kuma takan koya wa mutane haƙuri. Idan aka taɓa maɓallinta da safe takan ce "tit", sau ɗaya tak, sannan fankarta ta ɗauki "hurrr" a hankali, kamar tsohuwar da ke gyara zama. Kafin ta gama buɗe ido an dafa shayi na farko an sha. Amma idan ta tashi, ta tashi. Ba ta taɓa tsayawa a tsakiyar baiti ba. Ba ta san babba da yaro ba: ta ɗauki masu kalangu da masu gurmi, ta ɗauki ƴan matan biki, ta ɗauki masu yabon Annabi, ta ɗauki sanarwar rigakafin dabbobi da cigiyar raƙumar da ta ɓata. Akwai wani makaho daga wajen Buza da ya zo ya rera waƙa guda, ya ce a kunna masa ya ji, ya saurara har ƙarshe, ya ce ashe haka mutane ke jinsa, ya tashi ya tafi yana murmushi.

Duk wannan aiki ta yi shi ne da ruhin da ta zo da shi daga ofis. Masana sun ce kowace kwamfuta tana da abin da ke tafiyar da ita, wanda suke kira sistam, kuma yakan zo iri biyu: na gida, wanda ake ce wa Famiyal, da na ma'aikata, wanda ake ce wa Furo. Na Tanti tsohon Famiyal ne. Shekara goma sha ɗaya kalmar tana rubuce a cikinta, Mu'awiya bai taɓa tsayawa ya karanta ta ba.

Babban aikin rayuwarta shi ne waƙoƙin Iya Cima. Matasa ba su riski zamanin ba, amma iyayensu sun sani: lokacin da aka tashi gyaran ƙasar Keita, mata ne suka ɗauki duwatsu a ka suka jera su a kan tuddai don su tare ruwa, har itatuwa suka dawo inda a da ko akuya ba ta tsayawa. Iya Cima ce zabiyar matan Ibohamane a wannan aiki. Ita ke bayarwa, su amsa, dutse yana kai. Tana da waƙar hawa tudu, da ta saukowa, da ta zagin rana, da ta tsokanar mazan da ke tsaye da takarda suna ƙirga kwando. Da tsufa ya kama ta, Mu'awiya ya dinga ɗauko ta a amalanke yana kawo ta rumbu, tare da tsofaffi tara da suka rage cikin ƴan amshinta. A cikinsu akwai Hamdiya, matar kawunsa. Shekara biyu ana wannan, sai an gama aikin gona, sai ranar da ƙirjin tsohuwa ya yarda. Aka tara waƙa arba'in da ɗaya. Hamdiya ta rasu shekara biyu da suka wuce. Iya Cima ta bi ta a daminar bara. Muryoyinsu suka rage a wuri ɗaya a duniya, cikin Tanti.

A nan ne sanarwa za ta faɗi abin da ba a saba faɗa a sanarwar rasuwa ba. Cutar da ta kashe marigayiya ba a jikinta ta fara ba. A ƙirjin mai ita ta fara.

Mu'awiya yana da taubashi, Ridwan Yaƙubu, ɗan kawunsa, ɗan Hamdiya. Tare suka yi kiwo, tare suka shiga lakwal, wato makarantar boko, tare aka kore su. A cikin rumbun nan Ridwan ya koyi riƙe mikro, Mu'awiya ne ya nuna masa inda ake datse sauti da inda ake haɗawa. Daga baya Ridwan ya tafi ci-rani, ya yi shekara huɗu, ya dawo da wata siririyar kwamfuta mai launin azurfa wadda ake ninkewa kamar littafi a sa a jaka. Ya kama ɗakin siminti kusa da kasuwar Keita, ya sa aka rubuta masa allo da jan fenti: Sitidiyo Furo. Duk waƙar da ta fito daga hannunsa da sunansa take farawa, wata murya mai kauri ta ce Ridwan Furo ne a kan na'ura, sannan kiɗan inji ya shigo.

Mu'awiya ya je buɗe wurin, ya yi addu'a, ya sha lemo. A hanyar komawa gida ya lura cewa bai ga komai a hanyar ba, siririyar kwamfutar kawai yake gani, da yadda ta buɗe ido kafin Ridwan ya gama zama. Ya gaya wa kansa cewa abin da ya yi saurin tashi yakan yi saurin faɗuwa. Ya maimaita wa matarsa Bushira wannan magana sau uku a ranar, ba tare da ta tambaye shi ba.

Sau uku Ridwan ya roƙe shi ya ba shi waƙoƙin Iya Cima, ko da kaɗan ne. Sau uku Mu'awiya ya ce ba su kammala ba, akwai gyara. Gyara kuwa ba ya ƙarewa a wurin Mu'awiya, mutum ne da zai kwana bakwai a kan tarin da wata tsohuwa ta yi a tsakiyar amshi. Amma ba wannan ne dalilin ba. Yana hango waƙar hawa tudu an ɗora mata kiɗan inji, an liƙa mata sunan Ridwan a goshi, tana yawo a wayoyin ƴan kabu-kabu, mutane suna cewa kai, yaron nan na Keita ya iya aiki. Idan ya hango haka sai abinci ya fita ransa. Bushira ta ba shi shawara ya zuba waƙoƙin a kile, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, ya ba ta ta ajiye a cikin kwallarta, inda ko ɓera ba ya shiga. Ya ce abin da ya shiga kile ya shiga kasuwa. Saboda haka waƙa arba'in da ɗaya suka zauna babu na biyunsu, don kada wani ya samu.

Sai maganar Zaliha ta zo. Zaliha jikar Iya Cima ce, ita ta gaji muryar. Mu'awiya ne ya fara ɗaukar ta, kuma wata uku suka yi suna aikin wata waƙa tata, yana sa ta maimaitawa. Wata ranar kasuwa ta hau mota ta tafi Keita, ta rera waƙar a wurin Ridwan, ta dawo da ita a wayarta kafin la'asar. Cikin mako guda ba mai shayin da ba ya kunna ta, daga Ibohamane har tashar Madawa. Mu'awiya ya saurara ya ce muryar ta yi siriri, ana jin amon kwanon rufi a bayanta, kiɗan ya danne kalmomi. Duk gaskiya ya faɗa. Amma Bushira ta ƙirga, sau ashirin da biyu ya kunna waƙar a yini ɗaya, kuma kowane karo idan sunan Ridwan ya fito sai tsokar muƙamuƙinsa ta motsa.

Abin da ya ƙarasa shi ya faru ne a wani suna a Keita. Ana zaune ana cin nama, Ridwan ya ɗaga murya irin ta wasan taubasai, ya ce ai ba laifin Zaliha ba ne, mai son aikin ƙwararru wurin Furo yake zuwa, ita kuwa ta rumbu Famiyal ce, ta gida, ta dace da cigiyar awaki. Aka yi dariya. Wasa ne da aka gada, ba wanda ya ɗauke shi da nauyi, kuma a da Mu'awiya yakan rama da abin da ya fi wannan zafi. Ranar ya yi dariya da haƙora kawai. Da ya koma gida ya kunna Tanti, ya jira ta gama gyara zama, ya nemo shafin da ke faɗin asalinta. Kalmar tana nan. Ya daɗe yana kallon ta kamar wanda ya gano wani abin kunya a tarihin gidansu.

Washegari ya tafi Buza wurin Mahdi, mai gyaran kwamfuta, wanda ya san cikin Tanti kamar yadda ungozoma ta san ƴaƴan unguwa. Mahdi ya saurare shi, ya ajiye abin da ke hannunsa, ya yi masa bayani dalla-dalla. Ya ce a wajen ɗaukar murya Famiyal da Furo uwa ɗaya uba ɗaya ne, kunne ba zai taɓa bambanta su ba. Abin da aka ƙara wa Furo na manyan ofisoshi ne, inda ake haɗa kwamfuta hamsin a hannun mutum ɗaya, ko a kulle faifai don ɓarayin takardu. Mawaƙi ba ruwansa da wannan. Abin da ke gyara sauti shi ne mikro, da akwatin sauti, da ɗakin da ba ya amsa kuwwa, kuma a nan ko a birnin Tawa ba a fi rumbunsa ba. Ya ƙara da cewa Furon da ake samu yanzu sabon zamani ne, ya fi ƙarfin ƙirjin Tanti, kuma bai san yaren tsohon akwatin sautinta ba.

"Mu'awiya, ba a aza wa tsohuwa kayan raƙumi," in ji shi. "Bar ta yadda take. In kuwa ka ƙi ji, kwashe abin da ke cikinta tukuna, kahin ka taɓa komi."

Mu'awiya yana jin wannan magana, idonsa kuwa yana kan bangon shagon, inda wata kalanda ke rataye da hoton Ridwan da siririyar kwamfutarsa. Kalandar tana cikin shaguna ɗari a ƙasar Adar, kyauta aka raba ta. Amma a idon Mu'awiya ta zama shaida. Ya ce a ransa, wato bakinsu ɗaya, so suke ya dawwama ɗan gida su kuwa su zama ƙwararru. Ya yi godiya ya fita. A bakin tasha ya samu wani mai tura waƙoƙi a waya, wanda bai tambaye shi komai ba, ya zuba masa sabon Furo a kile.

Ranar Litinin da hantsi ya shiga rumbu ya ja ƙofa. Bai kwashe komai ba. Kile ɗaya gare shi, Furo na ciki, kuma aron wani yana nufin a san abin da yake shirin yi. Faifan da ke cikin Tanti ɗaki biyu ne, ƙarami na sistam, babba na waƙoƙi, Mahdi ne ya raba shi haka tun da daɗewa don irin wannan rana. Idan aka share ƙaramin aka zuba sabon ruhi, babban ba abin da zai same shi. Mu'awiya ya san da haka. Amma da aiki ya kai wurin zaɓi, sai ekaran, wato fuskar kwamfutar, ya nuna masa layi biyu na Faransanci, babu suna, lambobi kawai, ɗaya babba ɗaya ƙarami. Ya tsaya. Wayarsa tana aljihu, lambar Mahdi tana ciki. Sai wani tunani ya zo masa mai kama da hikima: babban baƙo ai babban ɗaki ake ba shi. Ya zaɓi babban layi. Marigayiya, cikin ladabin da aka san ta da shi, ta tambaye shi ko ya tabbata. Ya ce ya tabbata. Abin bai kai tsawon numfashi biyu ba.

Bai san abin da ya yi ba sai bayan azahar. Sabuwar fuska ta bayyana, shuɗiya mai sheƙi, ya nemo shafin asali, ga kalmar nan, Furo. Kafin ya duba komai ya ɗauki hotonta da waya ya aika wa Ridwan, bai rubuta ko harafi ba. Ya jingina da bango ya ji wani sanyi yana sauka a ƙirjinsa, irin wanda ya yi wata da watanni bai ji ba. Sannan ya ce bari ya ji yadda Iya Cima za ta fito a bakin ƙwararru. Ya nemi jakar da sunanta ke kai. Ya sake nema. Ya buɗe kowane lungu. Ɗakin fes yake, kamar rumbun da aka share ana jiran sabon hatsi.

Daga nan jinya ta fara. Sabon ruhin ya yi wa marigayiya nauyi kamar yadda aka faɗa. Tashin da take yi a shayi na farko ya koma sai an sha na uku. Akwatin sautinta ya yi shiru, ta daina jin mikro, ranar da ta ji kuwa sai muryar ta dawo a makare kamar daga ƙasan rijiya. Fankarta ta bar "hurrr" ɗinta na natsuwa ta koma "huuuu", ba tsayawa, ga zafin bazara da ko ƙadangare ke neman inuwa. Mahdi ya ce daga baya, da a ranar farko aka kashe ta aka kai masa, da ya ceto mafi yawan waƙoƙin, domin abin da aka share yakan bar sawu muddin ba a taka wurin ba. Mu'awiya bai kai ta ba. Kai ta Buza yana nufin labari ya isa Keita kafin ya dawo gida. Sai ya zauna shi kaɗai yana zuba mata manhajojin neman abin da ya ɓata, ɗaya bayan ɗaya, daga fitowar rana har batir ya ƙare, kowace kuwa tana sauka ne a kan sawun da yake nema. Bushira tana ajiye tuwo a ƙofar rumbu tana ɗaukewa da sanyinsa. Ridwan ya amsa hoton da cewa barka, taubashi ya shigo gari. Mu'awiya ya karanta ya kifa wayar.

A rana ta tara wani sauti ya fito daga cikinta wanda bai taɓa ji ba, "ƙyas, ƙyas, ƙyas", kamar kaza na tsattsagar faranti. Ya ɗora tafinsa a gefenta, zafi ya sa ya janye. Ta yi "tiiit" mai tsawo har sau uku, ita da ba ta taɓa wuce ɗaya ba. Wari irin na ƙonanniyar roba ya tashi. Fanka ta juya, ta juya, ta tsaya. Rumbun ya yi shirun da shekara goma sha ɗaya bai yi ba. Washegari aka kai ta Buza a bayan babur, a lulluɓe da bargo. Mahdi ya buɗe ta, ya kasa kunne a faifan, ya duba allon cikinta da ya yi baƙi, ya mayar da murfin. Bai ce ai na faɗa maka ba. Mu'awiya ya ce da ya faɗa da ya fi masa sauƙi. Aka dawo da ita rumbu.

Marigayiya ta rasu ta bar ekaran ɗaya mai tabo a kusurwa, da allon haruffa wanda harafi uku suka goge, da linzami, da mikro biyu, da akwatin sauti wanda har yanzu bai san abin da ya faru ba, da lasifika biyu, ɗaya ta girmi ɗaya. Ta bar iyalin zanzaro da suka gina gida a bayanta tun shekarar da ta zo. Ta bar mawaƙa da ba su ƙirguwa.

Daga cikin waƙa arba'in da ɗaya kuwa, ta bar uku. Zaliha ce ta kawo su ranar Alhamis da ta zo gaisuwa. Ashe tun kakarta na da rai, duk ranar da Mu'awiya ya kunna waƙoƙin yana gyara, takan danna wayarta a ƙarƙashin mayafi ta ɗauka a ɓoye, tunda ta san ko ta roƙa ba zai bayar ba. Sautin ba shi da kyau. Ana jin motsin mayafi, ana jin tarin Mu'awiya, a ƙarƙashin komai kuma ana jin "hurrr" ɗin marigayiya tana cikin ƙoshin lafiya. Ya tambaye ta, tunda abin ya riga ya wuce, ko Furo ɗin ne ya kai ta Keita.

"Kawu, ni ban san wani Furo ba," ta ce. "Wata ukku ina rera waƙa guda. Wanda zai ba ni abina in tahi da shi na bi."

Tana nan zaune Ridwan ya iso. Ya cire takalmi a ƙofar rumbu, ya ajiye sukari da ganyen shayi, ya zauna a tabarma. Mu'awiya ya shirya wa tsokana, ya ma tanadi amsa. Tsokanar ba ta zo ba. Ridwan ya yi ta'aziyya kamar yadda ake yi wa mutum, sannan ya ce shi har yau bai san aikin da Furo ke yi ba, haka ya sayi kwamfutar da shi a ciki, mai fentin allo ne ma ya ce kalmar za ta yi kyau da ja. Ya ce tun da ya buɗe wurinsa yake liƙa kwalin ƙwai a bango don ya samu rabin sautin rumbun nan, bai samu ba. Sai ya ce waƙoƙin da ya yi ta roƙo ba don kasuwa ba ne.

"Innata na cikin amshi, taubashi. So nike in ji ta."

Mu'awiya ya san Hamdiya na cikin amshi. Shi ya ɗauko ta a amalanke, shi ya gyara mata mikro. Amma sau uku ɗanta ya roƙe shi, ko sau ɗaya bai ga ɗan Hamdiya ba, mai Sitidiyo Furo kawai yake gani. Zaliha ta kunna ta biyu cikin ukun, waƙar saukowa daga tudu. A amshi na huɗu akwai wata murya da ke riga sauran shiga da rabin numfashi, halin Hamdiya ke nan har a zance. Ridwan ya sunkuyar da kai ya ce a sake. Aka sake har sau biyar. Mu'awiya yana zaune hawaye na bin gemunsa, kuma, tunda ya ce kada a rufe komai, ya yarda a rubuta cewa ko a wannan hali sai da idonsa ya kai ga sabon abin sauraren da ke rataye a wuyan Ridwan, ya ji abin nan ya motsa a ƙirjinsa. Ya ce cutar da ta yi shekaru ba ta fita a yini ɗaya, amma yanzu aƙalla ya san sunanta.

Game da jana'iza, liman ya riga ya yi gargaɗi cewa ba salla, ba maƙabarta, kuma iyalai sun karɓi hukuncin. Ranar Asabar da hantsi Mahdi zai zo daga Buza ya cire abin da ke da sauran amfani a jikin marigayiya, don a taimaki wasu tsofaffin irinta. Abin da ya rage za a goge shi, a naɗe a zanen da ake rufe ta da shi, a ɗora a kan kantar da ke cikin rumbun. Ekaran zai koma lakwal ɗin gari. Ba za a tashi zanzaro ba.

Za a yi zaman makoki kwana uku a ƙarƙashin gawon ƙofar gida. Za a yi wa Iya Cima da Hamdiya da sauran matan dutse da suka riga mu addu'a ta gaskiya, Allah Ya jiƙansu Ya sa aikinsu a mizani. Tsofaffi biyar da suka rage cikin ƴan amshi sun yi alkawarin zuwa, kowace da abin da ta tuna, Zaliha za ta bayar su amsa. Ba a sa ran arba'in da ɗaya. Abin da ya samu za a ɗauka a cikin rumbu, da mikron Mu'awiya, a kan kwamfutar Ridwan, wanda ya yarda ba kiɗan inji, ba sunan kowa a goshin waƙa. Ana roƙon masu zuwa gaisuwa, don Allah, kada su yabi siririyar kwamfutar a inda mai makoki zai ji, ko da ta burge su, har sai an yi bakwai.

Duk mai zuwa ya zo da katin wayarsa ko kile. A rana ta uku, bayan la'asar, za a zuba wa kowa abin da aka ɗauka, gyararre ko ba gyararre ba, ya tafi da shi gida, ya ba wanda ya ga dama. An tambayi mai makoki ko har da Ridwan. Ya ce har da shi, amma ya bi layi, kuma shi ne na ƙarshe.